Yadda Donald Knuth ya ajiye littafinsa ya koma ƙera kayan buga shi

A ranar 30 ga Maris, 1977, shafukan gwaji daga maɗaba'a suka iso hannun Donald Knuth, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Shafukan na sabon bugu ne na juzu'i na biyu na littafinsa mai suna The Art of Computer Programming, kuma abin da ya gani a kansu bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Bugun farko na wannan juzu'i, wanda ya fito a 1969, an jera haruffansa ne da injin Monotype, wanda yake zuba kowane harafi daga narkakkiyar darma, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan da suka shafe shekaru suna koyon inda ya kamata kowace alamar lissafi ta zauna. Kafin shekara takwas ta cika, masu ɗab'i sun juya wa wannan hanya baya sun koma ga jera haruffa ta hanyar hoto, wadda ta fi sauri da araha, amma a lokacin ba ta iya fitar da shafin lissafi da kyan da ya saba gani ba.

Galibin marubuta da za su ci karo da irin wannan sai su yi gunaguni su sa hannu, domin littafi dai ya fito. Knuth ya ɗauki wata hanya dabam. A ranar 13 ga Mayu na shekarar ya rubuta wa kansa takardar da ta zayyana manhajar da yake son ginawa domin jera haruffa, yana tsammanin zai gama da ita a cikin hutun bincike na shekara guda da jami'a ta ba shi. Aikin ya ci masa kusan shekara goma. Abin da ya haifar shi ne TeX, manhajar da har yau masana lissafi da kimiyyar fiziks a faɗin duniya suke rubuta takardunsu da ita. Sunan ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin sana'a da fasaha a lokaci guda, shi ya sa harafin ƙarshe ake furta shi daga maƙogwaro, kusa da yadda ake furta ha mai ɗigo a Larabci.

Wanda ya san tarihin mutumin ba zai yi mamakin wannan shawara ba. An haife shi a birnin Milwaukee a 1938, mahaifinsa malamin makaranta ne da yake da ƙaramar maɗaba'a, don haka tun yana yaro ya san ƙamshin tawada. Yana aji takwas wani kamfanin alewa ya sa gasar fitar da kalmomi daga haruffan sunan alewarsa. Ya zauna da babban ƙamus har mako biyu, ya fitar da kalmomi kimanin 4,500, alhali alƙalan gasar kansu 2,500 kawai suke da su. Ya fara taɓa kwamfuta ne a Kwalejin Case da ke Cleveland, a kan na'urar IBM 650. A 1962, yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya, kamfanin Addison-Wesley ya nemi ya rubuta littafi a kan manhajojin da suke fassara umarnin da mutum ya rubuta zuwa harshen na'ura. Ya zauna ya rubuta shafi kusan 3,000 da hannu, sai aka gane cewa abin ya fi ƙarfin littafi ɗaya, aka tsara shi juzu'i bakwai. Uku sun fito a 1968 da 1969 da 1973, a 1974 kuma ya karɓi lambar Turing, wadda ita ce mafi daraja a fagen kwamfuta. Halin yaron da ya bi ƙamus shafi bayan shafi shi ne dai halin dattijon, wato ba ya iya barin abu a rabi idan ya san akwai sauran abin da bai tono ba.

Abin da ya buɗe masa ido ya faru ne jim kaɗan kafin isowar shafukan gwajin. Ya ga samfurin wani littafi da aka fitar da sabuwar na'urar ɗab'i mai aiki da ɗigo, kuma kyansa ya kai na darma. A nan ya fahimci cewa idan ɗigon ya yi ƙanƙanta sosai har ido ya kasa rarrabe shi, to shafin littafi ba wani abu ba ne illa jerin wurare da ake cewa a sa tawada a nan, kada a sa a can. Wannan kuwa sifili ne da ɗaya, wato filin da ya fi kowa sani. Matsalar da a da take ta maƙeran darma ta zama matsalar mai rubuta manhaja. Duk da haka bai fara da rubuta umarni ba. Sai da ya zauna a ɗakin karatu yana duba tsofaffin mujallun lissafi na shekaru masu yawa, yana kwatanta yadda masu ɗab'i na kowane zamani suka jera alamomi, domin ya gane ƙa'idojin da hannayensu suka sani amma ba wanda ya taɓa rubuta su filla-filla.

Darasi na farko mai zafi ya zo masa a bazarar 1977. Zai yi tafiya zuwa ƙasar Sin, sai ya bar wa ɗalibansa biyu, Michael Plass da Frank Liang, bayanin da yake ganin cikakke ne na yadda manhajar za ta kasance, domin su gina samfurin farko kafin ya dawo. Da ya dawo ya zauna da kansa yana rubuta ta, sai ya riƙa cin karo da tambayoyi a kusan kowane mataki, tambayoyin da bayanin nasa bai amsa ba, waɗanda kuma ɗaliban suka sha fama da su ba tare da mai ba su amsa ba. Daga nan ya kai ga ra'ayin da ya riƙe har yau, cewa wanda ya tsara sabuwar manhaja ya kamata shi ne zai rubuta ta, shi ne zai zama mutum na farko da zai yi babban aiki da ita, shi ne kuma zai rubuta littafin farko na koyar da ita. A ganina wannan ita ce zuciyar hanyar aikinsa baki ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Knuth ya yi amfani da TeX wajen jera daruruwan shafukan littafinsa, duk inda ta wahalar da shi sai ya koma ya gyara ta, kuma ya bayyana cewa rubuta littafin koyarwar ya sa ya sauya abubuwa da dama, domin duk abin da ya gagara bayyanawa cikin sauƙi alama ce ta cewa tsarinsa bai daidaita ba.

Yadda yake zama ya yi aikin ma abin lura ne. Ya faɗa a hirarraki cewa komai da fensir da takarda yake fara rubutawa, da babban kwandon shara a gefensa. Sai bayan ya gamsu da abin da ke kan takardar yake tashi ya je gaban kwamfuta, inda yake aiki a tsaye, ya shigar da shi ta manhajar Emacs yana ƙara goge shi. Dalilinsa shi ne yana buga rubutu da sauri fiye da yadda yake tunani, fensir kuwa tafiyarsa daidai take da tafiyar tunaninsa. Haka ya yi wa TeX ta farko: ya rubuta ta a takarda tsawon watanni kafin ya soma gwada ta a kan na'urar PDP-10 ta Stanford a watan Maris na 1978. Tun daga lokacin kuma ya buɗe kundin kurakurai, inda yake rubuta kowane gyara da ya yi, da ranarsa, da dalilinsa. A 1989 ya wallafa nazari a kan wannan kundi, wanda ya ƙunshi gyare-gyare sama da 850, ya kasa su gida 15: akwai na mantuwa, akwai na tuntuɓen yatsa, akwai na rashin fahimtar harshen da yake rubutu da shi, akwai kuma waɗanda ba kurakurai ba ne, buƙatu ne da ba su bayyana ba sai da mutane suka fara aiki da manhajar. Ba kasafai ake samun gwani ya baje kurakuransa a fili haka ba, kuma amfanin da ya samu shi ne ya san irin ramin da ya fi yawan faɗawa.

Idan ana son ganin irin tunanin da ke cikin TeX a kusa, babu wurin da ya fi yadda take karya sakin layi. Yawancin manhajojin rubutu suna cika layi da kalmomi har ya ƙare, su sauka layi na gaba, ba su sake waiwayar na baya ba. Sakamakon shi ne wani layi ya matse, na ƙasansa ya buɗe har ana ganin fararen ramuka tsakanin kalmomi. Knuth da Plass, a aikin da suka wallafa a 1981, sun ɗauki sakin layin ne gaba ɗayansa a matsayin abu guda. Kowane harafi akwati ne mai tsayi da faɗi. Kowane fili tsakanin kalmomi wani abu ne mai iya miƙewa ko tsukewa zuwa wani iyaka. Kowane wurin da za a iya karya layi yana da tara, mai sauƙi ko mai nauyi, gwargwadon yadda karyawar za ta ɓata wa mai karatu. Daga nan sai a ba kowane layi makin muni bisa yadda aka tilasta wa filayensa, kuma makin yana hauhawa da sauri ƙwarai, domin idan miƙewar ta ninka sau biyu, munin yakan ninka sau takwas. Manhajar tana neman tsarin da jimillar muninsa a dukan sakin layin ta fi ƙanƙanta, ko da hakan na nufin layin farko ya ɗan yi haƙuri domin na shida ya zauna daidai. Hanyoyin da za a iya karya dogon sakin layi sun fi a ƙirga, amma dabarar tana watsar da duk hanyar da aka tabbatar wata ta fi ta tun a tsakiyar tafiya, don haka lissafin bai gagari ko kwamfutocin wancan zamani ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da gwanin rubutun allo ko na takarda ya ga irin wannan: tun yana tsakiyar layi idonsa yana kan ƙarshensa, yana ɗan ja wani harafi yana tsuke wani domin gefen shafi ya tashi sak. Abin da Knuth ya yi shi ne ya mayar da wannan ido lissafi. Liang kuma ya ɗauki ɓangaren raba kalma a ƙarshen layi, ya yi digirinsa na uku a kansa a 1983.

Jera haruffa rabin aikin ne, domin sai da haruffan kansu. Saboda haka ya gina manhaja ta biyu, METAFONT, wadda a cikinta ba a zana harafi da hannu, sai dai a bayyana shi da lissafi, kamar ana gaya wa alƙalami ta inda zai bi da kaurin bakinsa. Salon haruffan da ya fitar, Computer Modern, ya kwaikwayi wanda Monotype ta buga littattafansa na farko da shi, kuma yana da ma'aunai kimanin 60 waɗanda idan aka juya su, haruffan gaba ɗaya sai su yi kauri ko siriri, su miƙe ko su karkace. Harafin S ya ba shi wuya har sai da ya rubuta takarda sukutum a kansa a 1980. Mafi ciwo shi ne lokacin da sabon bugun juzu'i na biyu ya fito a farkon shekarun 1980, wanda aka jera da kayan aikinsa: ya buɗe littafin ya ga haruffan, musamman lambobi, ba su kai yadda yake buri ba. Maimakon ya kare aikinsa, sai ya nemi masu sana'ar na asali, irin su Hermann Zapf na Jamus da Matthew Carter da Richard Southall, ya zauna a gabansu yana koyo, ya sake rubuta METAFONT daga tushe a 1984. A nan dole a faɗi cewa wannan manhaja ba ta samu karɓuwar da TeX ta samu ba. Masu zanen haruffa da ido da hannu suke aiki, kuma shi kansa ya amince cewa neman mai zane ya zama masanin lissafi kafin ya fitar da harafi nauyi ne da ya yi yawa. Kayan aikin da mutum ya ƙera daidai hannunsa ba lallai ne ya dace da hannun wani ba, kuma wannan ita ce iyakar hanyar tasa.

Kayan aiki na uku ya fito ne daga bukatar sake rubuta TeX a 1982 domin ta yi aiki a kan kowace irin kwamfuta. Knuth ya ƙirƙiro tsarin WEB, inda mai rubuta manhaja yake rubuta bayani na mutane da umarni na na'ura a wuri guda, cikin jerin da ya fi sauƙin fahimta ga ɗan Adam. Wani ƙaramin shiri yana zare umarnin ya jera wa na'ura yadda take so, wani kuma yana fitar da bayanin a matsayin littafi. Ra'ayinsa shi ne a ɗauki rubuta manhaja a matsayin yi wa mutum bayanin abin da ake so kwamfuta ta yi. Shi ya sa a 1986 aka buga dukan umarnin TeX a matsayin littafin da ake iya karantawa daga farko zuwa ƙarshe, cikin jerin juzu'i biyar da ya wallafa a kan wannan aiki. Kamfanoni ba su rungumi wannan salo ba, domin yana bukatar mutum ya iya rubutu kamar yadda ya iya lissafi, amma shi har yau da shi yake aiki.

Akwai wata shawara da ta bambanta shi da kusan duk masu sana'arsa. Ya so takardar da aka jera yau ta fito daidai wa daida bayan shekara hamsin a kan kowace na'ura. Saboda haka ya guje wa lissafin da sakamakonsa kan ɗan bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ya sa TeX tana auna komai da cikakkun lambobi, da ma'aunin da ya kai kashi ɗaya cikin 65,536 na point, wato ma'aunin da masu ɗab'i suke auna girman harafi da shi, abin da ya fi tsawon zangon hasken da ido ke gani ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bayan ya faɗaɗa ta domin ta karɓi haruffa 256 saboda harsunan da ba Ingilishi ba, sai ya sanar a 1990 cewa ya daina ƙara mata komai, gyaran kuskure kawai ya rage. Lambar sigarta tun daga nan tana matsowa ne kusa da lambar nan ta da'ira da ake kira pi, ana ƙara lamba ɗaya a kowane gyara, har ta kai 3.141592653 a 2021. Kowa yana da izinin ɗaukar umarnin kyauta ya gina nasa a kai, da sharaɗin ya sauya suna. Wannan tsayawa wuri ɗaya ita ta ba wasu ƙasa mai ƙarfi da za su yi gini: Leslie Lamport ya ɗora manhajar LaTeX a kanta, wadda ita ce yawancin mutane suke taɓawa a yau, Jörg Knappen kuma ya yi amfani da METAFONT ya fitar da haruffan harsunan Afirka, ciki har da ɓ da ɗ da ƙ da muke rubuta Hausa da su.

Domin ya tabbatar kurakurai ba su ɓuya ba, ya sa lada. A da, duk wanda ya fara gano kuskure a littattafansa yana samun cek na dala 2.56, ladan kuskure a cikin umarnin TeX kuwa ya riƙa ninkawa shekara bayan shekara har ya tsaya a dala 327.68. Da yawa daga waɗanda suka samu ba su kai cek ɗin banki ba, sun sa shi a firam sun rataye. A 2008 ya daina aika cek na gaske saboda masu damfara da lambobin asusu, ya koma ba da takardar shaida.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da tsare lokaci, kuma a nan ma ya yi abin da mutane da yawa suke jin labarinsa su girgiza kai. Ya yi amfani da imel tun wajen 1975, amma daga ranar 1 ga Janairu, 1990 ya rufe adireshinsa. Bayanin da ya bayar shi ne imel ya dace da mutanen da aikinsu yake bukatar su san abin da ke gudana a kowace sa'a, shi kuwa nasa aikin tono ne har sai an kai tushe, kuma hakan yana bukatar dogon zama ba tare da an katse shi ba. Wasiƙu suna zuwa ta hannun sakatariya, tana ware na gaggawa, sauran a tara su har sai ranar da ya keɓe bayan watanni ya zauna ya amsa su a zama ɗaya. Ya kuma ce a jerin ayyukan da ke gabansa yakan fara ne da wanda ya fi ƙi. Ya yi ritaya da wuri daga koyarwa a farkon shekarun 1990 domin ya koma ga littafinsa, a gidansa kuma akwai babban kayan kiɗan coci mai bututu da yake kaɗawa, son wannan kiɗa kuwa daga mahaifinsa ya gada.

Ba zan ce kowa zai iya bin wannan hanya ba. Knuth yana da kujerar farfesa, da sakatariya, da ɗalibai masu hazaka, da jami'ar da ta yarda ya shafe shekaru a kan abin da ba shi aka ɗauke shi yi ba. Matashin da yake rubuta manhaja domin abokin ciniki yana jira ba shi da wannan sarari, kuma manhajar da take hulɗa da intanet ba za ta iya tsayawa cak ba alhali masu kutse suna sauya dabara kullum. Amma kundin kurakurai, da zama mai amfani na farko da abin da ka gina, da gwada tsari ta hanyar ƙoƙarin bayyana shi ga wani, waɗannan ba sa bukatar kuɗi ko muƙami.

Kuɗin da shi ya biya kuwa a littafin ya fito. Tsakanin juzu'i na uku a 1973 da kashin farko na juzu'i na huɗu a 2011, shekara 38 ce ta wuce, kuma kusan goma daga ciki TeX da METAFONT ne suka cinye su. Kashi na biyu na juzu'i na huɗu ya fito a 2022, yana da shekara 84, an jera shi da manhajar da ya ƙera da haruffan da ya zana. Batun manhajojin fassara umarni, wanda shi ne ainihin abin da Addison-Wesley ta nema a wurinsa a 1962, yana juzu'i na bakwai a tsarin da ya shimfiɗa, kuma har yanzu yana kan na huɗu.